Namijin da Ke Bayan Durowa

A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a, ranar da Baba Isiya na Mabai ya shigo shagonmu na Ƙanƙara da filashi ƙunshe a cikin hularsa ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin yanzu ya kamata ku ji labarin, tunda na ga kun iya rantsuwa tun kafin ku iya haɗa waya.

Ga wanda bai san aikin ba, shagon yana da matsayi uku. Akwai Oga, Alhaji Mudi, wanda aikinsa zama a kujera yana shaida wa duniya cewa komai nasa orijinal ne. Akwai mai kwamfuta, mai tura finafinai cikin waya ko filashi. Sai mai haɗa kaya, wanda ke bin mai saye har gida ya kafa masa talabijin da lasifika. A lokacin ni ne na biyu, ni ne kuma na uku, don Alhaji ya yi imani mutum mai hannu biyu ya isa aiki biyu.

Fim ma iri biyu ne. Akwai tangaran, hoto tas, sauti tas. Akwai kuma mai kyamara, wato wani bawan Allah a wata ƙasa ya shiga sinima, ya ɓoye kyamara a cinyarsa, ya ɗauko allon. Hoto a karkace, dishi-dishi, sauti kamar daga cikin randa, duk wanda ya motsa kusa da shi kuma ya shiga fim. Sabon fim da wannan yake fara iso mana, tangaran sai bayan watanni. Dokar Alhaji ita ce ba a furta kalmar kyamara a shagonsa. In hoto ya yi duhu, to wuta ce ba ta da ƙarfi, ko idon mai kallo ne ke son asibiti.

Bayan ƙaramar Sallah ta wannan shekarar, Malam Lawal, mai fataucin masara tsakanin Faskari da Damari, ya saya wa matarsa Murja talabijin da lasifika mai 'ya'ya biyar. Ni na je na kafa. Waya ta yi mini gajarta, sai na cusa lasifika ɗaya a bayan durowar kaya kusa da gado, na ce masa haka Turawa ke yi don sauti ya kewaye mutum. Ya ji daɗi ƙwarai. Na kuma cika masa filashi, har da sabon fim ɗin wani jarumi mai rufe fuska, mai tashi sama yana ɗaga mota da hannu ɗaya. Ya tambaye ni ko mai kyau ne. Na ce tangaran, har da wallahi.

Kwana tara bayan haka Baba Isiya ya zo. Shi ne mahaifin Murja, dattijo manomi, bai taɓa mallakar talabijin ba. Ya ajiye filashin a kan tebur a hankali.

Ya ce, "Ɗana, an ce kai ka zuba abin da ke cikin abin ga. Ɗiyata kwananta ukku a gidana. Mijinta ya dawo daga kasuwa da la'asar, yana tsakar gida ya ji gyaran muryar namiji cikin ɗakinta, har da 'yar dariya. Ya shiga bai iske kowa ba, taga kau a buɗe. Ta ce mashi daga akwatin talabijin ne. Ya ce akwatin shiru yake lokacin, kuma daga wajen gado muryar ta hito. Ya ce ta tahi gida sai ya neme ta."

Nan take na gane mutumin. Duk wanda ya zauna a shagon ya san shi, har suna muka sa masa, Mai Maƙoƙo. Shi ne wanda ya zauna kusa da mai ɗaukar fim ɗin a sinima. A tsakiyar fim akwai inda jarumin ke durƙusawa cikin ɓaraguzan gari, kiɗa ya ɗauke, komai ya yi tsit. Daidai nan Mai Maƙoƙo ke gyara murya sau biyu, irin ta magidanci mai neman a kauce masa ya shigo gida, sannan ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Fim ɗin da Turanci yake, amma gyaran murya ba ta da yare.

Alhaji ya ja ni bayan shago. "Kai, kada ka kuskura. In ka ce kyamara ce, gobe duk Ƙanƙara ta ji. Ka ce mashi ba mu san komi ba. Rigimar gida ce, ina ruwanmu?"

Na ce, "Alhaji, aure ne hwa."

Ya ce, "Shagon kuma mene ne, ba da shi nake riƙe nawa auren ba?"

Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, na tsaya na yi tunanin aikina sosai. Amma da na leƙo na ga dattijon yana juya hularsa a hannu, bai ma san abin da zai tambaya ba, kunya ta kama ni. Na ce masa ya tara mutane gobe, ya zo da Murja.

Washegari da hantsi muka haɗu a ɗakin Murja: Baba Isiya, Malam Lawal da yayansa, limamin unguwa, ita kuma tana bakin ƙofa da mayafi. Aka tada janareta. Na fara da bayanin cewa fim ɗin ba tangaran ba ne, ƙarya na yi. Na tura shi zuwa wurin. Liman, wanda bai taɓa zaton za a kira shi kallon ƙato yana shawagi a sama ba, ya ƙura ido yana ta istigfari. Wani kai baƙi ya gitta ta ƙasan allon, na ce wannan ma ɗan kallo ne, fitsari zai je. Jarumi ya durƙusa. Ɗaki ya yi tsit.

Sai Mai Maƙoƙo ya gyara murya daga bayan durowa.

Yayan Malam Lawal ya zabura ya miƙe, har ya kai hannu zai ja durowar. Na mayar da fim ɗin baya, mutumin ya sake. Na sake mayarwa, ya sake, bai gaji ba. Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa suna rawa.

Malam Lawal ya share zufa, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "To, alhamdu lillahi, gaskiya ta hito. Murja, shigo da kayanki. Magana ta wuce."

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Malam, abin da akwatin ga ya hwaɗa maka yanzu, shi na hwaɗa maka ran nan, ina kuka, har na dafa Alƙur'ani. Shekara shida ina gidanka. Shi kwanansa goma. Shi ka yarda da shi." Ta juya wajen mahaifinta. "Baba, mu tahi."

Baba Isiya ya sa hularsa, suka fita. Jarumin ya ci gaba da ceton duniya a bayanmu har na kashe talabijin ɗin. Sai da aka yi girbi, bayan biko huɗu, sannan ta dawo.

Alhaji bai kore ni ba. Da labari ya bazu, sai ya riƙa gaya wa masu saye cewa lasifikarsa ce kaɗai a Ƙanƙara da magidanci ba ya iya bambanta ta da mutum. A watan nan ya sayar da su fiye da kowane lokaci.

Ni dai daga ranar, in fim mai kyamara ne sai na ce mai kyamara ne, ko Oga na zaune. Mu a shago muna ɗaukar ƙaryarmu ƙarama, ta hoto ce da sauti kawai. Amma filashi gida yake shiga, har ɗakin da mu ba ma shiga, kuma a can ba mu ne ake tuhuma ba. Ni na rantse a kan ƙarya Malam Lawal ya yarda nan take, matarsa ta rantse a kan gaskiya ya nuna mata hanyar Mabai.