Inda Na Bar Inna Kulu

Ranar Litinin ce, a tsakiyar bazara. Na tashi ƙarfe biyar da kwata. Na yi salla, na dama kunu, na ɗauki ɗiyata Balkisa tana barci na kai ta ɗakin surukata. Shekararta huɗu a lokacin, babanta kuma yana ci-rani a Kwatano. Na shimfiɗa tabarma na buɗe akwatin magani, na duba kamar kullum: bandeji, sabulu, almakashi, ƙwayar ciwon kai, da ƙunshin gishiri da sukari da ake kaɗawa a ruwa. Na rataya usur a wuya. Na ɗaura agogo.

Sunana Rakiya. Garinmu yana arewa da Filingue, cikin ƙasar Kurfai. Ba zan faɗi sunansa ba. A yammacin garin akwai fako, ƙasa ja mai tauri da ko ciyawa ta daina fitowa a kanta. Ma'aikatan gandun daji suka kawo aikin raya ta. Muna haƙa ramuka masu siffar rabin wata don su tare ruwan sama, in damina ta zo a dasa itatuwa a ciki. Mu talatin da biyu ne, mata sun fi yawa. Da yake na yi lakwal, wato makarantar boko, ni aka tura Filingue kwana uku wajen majon asibiti na koyi kula da lafiyar ma'aikata. Can aka ba ni akwatin da usur da agogon. Shi ya sa na san lokacin kowane abu da zan faɗa.

Mun isa fakon ƙarfe shida da kwata. Malam Sama'ila, shugaban aikin, ya kira sunaye, ni kuma na bi ƙafafu. Mai silifa ba ya riƙe diga, don kububuwa da kunama suna kwana ƙarƙashin duwatsu. Na kori mata biyu su je su ɗauro kallabi mai kauri. Dokata ce duk bayan rabin awa in busa usur sau ɗaya, kowa ya ajiye diga ya sha ruwa, ko yana jin ƙishi ko ba ya ji. In na busa sau uku, hatsari ke nan: kowa ya taru gindin gawon da ke bakin fakon, a ƙirga, a tafi tare. Ba a barin kowa. Ni na koya musu wannan, da bakina, har ina sa su maimaitawa kamar 'yan aji.

Ƙarfe tara saura minti ashirin Inna Kulu ta saki sheburinta. Ƙawar mahaifiyata ce, ta haura sittin, kuma ba ta yarda a ce ta tsufa da aiki. Na ga tana tangaɗi. Na taɓa goshinta, zafi kamar murfin tukunya, kuma babu zufa. Na san wannan alamar. Gindin gawo ya cika da kaya, ga rana ta fara cin inuwarsa, sai na riƙe ta muka yi arewa. Taku ɗari uku daga wurin aiki akwai wani kwazazzabo mai zurfi, da aduwa a cikinsa. Na kwantar da ita nan. Na kwance mata kallabi, na cire mata takalma na jera a gefe. Na jiƙa zanenta da sauran ruwan bidona, jarkar da nake yawo da ita, na kaɗa mata gishiri da sukari a kofi ɗaya, ta shanye.

Ta ce, “Ɗiyata, bar ni in tahi gida sannu-sannu.”

Na ce, “Inna, in kin tashi cikin ranag ga kina faɗuwa. Kada ki motsa sai na komo. Ruwa zan ɗebo.”

Ta ce to.

Ƙarfe tara da minti biyar ina bakin amalanken jaki da ke kawo mana duron ruwa. Na cika bidon na murɗa murfinsa. Sai na ji wani gunji daga gabas, kamar injin niƙa a nesa. Jakin ya ɗaga kunnuwa. Mata suka miƙe daga ramuka suna kare ido da hannu. Ƙarfe tara da minti goma aka yi harbin farko. Ɗaya. Shiru. Sannan suka biyo a jere, ba sararawa. Hayaƙi ya tashi daga inda rumbunan garinmu suke.

Ban busa usur ba. Yana kan ƙirjina, hannuna yana kusa da shi. Na tsaya ina kallon hayaƙin, ina lissafin ko ɗakin surukata yana wannan gefen.

Ƙarfe tara da minti ashirin babura shida suka ɓullo kan hanyar shanu, suka nufo fakon. Mutum bibbiyu a kai, fuskoki a naɗe. Malam Sama'ila ya ɗaga murya.

“Ku bar kaya! Ku yi gusum! Gusum!”

Mutane suka watse kudu. Na ji harsashi ya bugi duro, ruwa ya fara tsartuwa. Na ga Malam Sama'ila ya juya yana ɗaga wata mata da ta faɗa rami. Na ji harbi biyu kusa-kusa. Da na sake waigawa yana kwance.

Kwazazzabon yana arewa, bayana. Babu babur ko ɗaya a wannan gefen tukuna. Bidon yana hannuna, cike. Na yi taku kaɗan zuwa can, wannan na tuna. Sai wani babur ya yi ƙara ya karkato, na saki bidon na bi mutane.

Mun yi gudu cikin sabara da ƙaya har numfashi ya ƙare, sannan muka koma sassarfa. Ba su bi mu da nisa ba. Dabbobi suke so da abin da ke rumbu. Ƙarfe goma muka daina jin harbi. Babu rezo, wayar kowa ta zama banza.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi muka kai wata rijiyar makiyaya. Mutanen gari da suka tsere ta kudu suna can. Na hangi surukata zaune a ƙasa, Balkisa a bayanta, ƙafar tsohuwar duk jini. Na karɓi ɗiyata na rungume. Ba ta yi kuka ba, sai shaƙuwa take yi.

Wani dattijo, Baba Arzika, ya ce a ƙirga ma'aikatan fako. Ya ce ni na san sunaye, in kira. Na kira da ka. Ana amsawa, wani sunan kuma a yi shiru, sai wanda ya gani ya faɗi abin da ya gani. Na zo kan Inna Kulu. Na kira ta, kamar ban san inda take ba.

Wata mata ta ce, “Kamar na gane ta cikin waɗanda sunka yi gabas.”

Baba Arzika ya ce, “To, Allah shi kai su lahiya. Wa ke biye?”

Na kira suna na gaba.

Wannan ne abin da ya sa nake rubutun nan. Gudun da na yi, kowa ya yi irinsa. Amma a bakin rijiyar ba a harbi. Ga ruwa, ga guga, ga maza masu ƙarfi a wurin. Tafiyar awa biyu ce komawa. Na san in na buɗe baki za a ce in nuna wurin, don ni kaɗai na san shi. Balkisa tana riƙe da wuyan rigata. Na ce a raina wataƙila Inna ta ji harbi ta tashi, wataƙila matar nan gaskiya ta gani. Na san ba haka ba ne. Na san yadda na bar ta.

Ƙarfe sha biyu muka kama hanyar Filingue. Rana ta tsaya bisa kai. Akwatin maganin ya tsaya a fako, amma akwai ƙunshi bakwai na gishiri da sukari a ƙullin zanena. Na riƙa kaɗawa a gorar wani makiyayi ina ba yara da tsofaffi. Na yaga gefen mayafina na ɗaure ƙafar surukata. Na cire wa mutane ƙaya. Na hana su tafiya tsakanin ƙarfe ɗaya da uku, na sa suka zauna a inuwa. Duk wanda na taɓa sai ya sa mini albarka. Na yi ta amsawa da amin.

Mun shiga Filingue ƙarfe shida saura kwata. Aka sauke mu a filin wata makaranta. Matan unguwa suka kawo fura da tabarmi.

Washegari ƙarfe bakwai na safe waɗanda suka yi gabas suka iso cikin motar kaya. Na tsaya bakin ƙofa ina duban masu saukowa ɗaya bayan ɗaya. Inna Kulu ba ta ciki. Ƙarfe takwas ɗanta Mamman ya iso daga Baleyara, inda ya kai tumaki kasuwa tun Lahadi. Yana bin tabarma-tabarma yana tambaya. Da ya zo gabana na gaya masa kwazazzabon da aduwar. Na ce rana ta buge ta, na kwantar da ita, harbi ya raba mu. Ban faɗi zancen rijiya ba. Ya ruga wajen sojoji. Suka ce hanya ba ta buɗe ba, ba mai wucewa.

Sai ranar Laraba suka yarda. Mota biyu ta soja, ɗaya ta mutanen gari. Na shiga don in nuna wurin. Mun isa fakon ƙarfe goma da minti ashirin. Digogi da shebura suna warwatse inda aka yar da su. Maza suka nufi inda Malam Sama'ila yake. Ni da Mamman muka yi arewa. A hanya muka wuce bidona, kwance a gefensa, murfinsa a murɗe. Mamman ya ɗaga shi ya ji nauyi. Ya dube ni, ya ajiye.

Tana gindin aduwar. Babu harsashi a jikinta, babu rauni. Takalmanta suna jere yadda na ajiye su. A kan yashi akwai sawun jan jiki da ya kewaye rabin itacen: ta riƙa bin inuwa tana matsawa, daga yamma har ta kai gabas. Ke nan ta ga la'asar ɗin Litinin da ranta. Gefen kwazazzabon akwai wurin hawa mai sauƙi. Babu sawunta a can ko ɗaya.

Mamman ya cire rawaninsa ya lulluɓe ta. Muka koma mota. Nan ya ce ya gode da na ba ta ruwa. Na sunkuyar da kai.

Ba mu koma garin da zama ba. Ina Filingue har yanzu, ina sayar da ƙosai kusa da tasha. An neme ni sau biyu in kula da lafiyar wasu ma'aikata a wani fakon, na ce ƙafata na ciwo. Matar da ta ce ta ga Inna Kulu ta yi gabas tana unguwarmu. Ta taɓa zuwa wurina tana hawaye, wai bakinta ne ya jawo. Na ce mata ba laifinta ba ne. Ban ƙara komai ba.

Mutum huɗu bindiga ta kashe mana a ranar: Malam Sama'ila a fako, uku a cikin gari. Su ake ambata in an tuna harin. Inna Kulu kuwa, an ce zafin rana ne. Ni biyar nake ƙirgawa.