Yaya Rakiya da yauƙin tarwaɗa

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai yayata, Dakta Rakiya, makwancinta a ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa. Har yau idan aka tambaye ni aikin da ta yi a duniya, sai na ɗan dakata, domin amsar takan ba mutane dariya: rayuwarta ta ƙare ne a kan binciken yauƙin jikin kifi.

Mu manoman gero da gyaɗa ne, gona na jingine da gona. Kifin da muka sani tun muna yara shi ne busasshe na ranar kasuwa. Da ta ce fannin lafiyar kifi za ta karanta a jami'a, mahaifinmu ya dube ta ya ce, "Kifin ma ciwo yake yi?" Amma bai hana ta ba.

Abin da ta yi ta ƙoƙarin fahimtar da ni, ni da nake malamin firamare, shi ne wannan: kifi a cikin ƙwayoyin cuta yake kwana yake tashi, tunda a ruwa yake numfashi, a ruwa yake ci. Yauƙin nan da muke ƙyama, wanda ya lulluɓe fatarsa da hanjinsa da jan naman ƙarƙashin kuncinsa da yake numfashi da shi, nan ne farkon garkuwarsa. A cikinsa akwai sinadaran da jiki ke ƙerawa su kama ƙwayar cuta tun daga bakin ƙofa, a ƙarƙashin fatar kuma akwai ƙwayoyin tsaro da ke taruwa duk inda cuta ta taɓa. Tana kyautata zaton masu tsaron fata daban suke da na cikin jini, kuma abin da take son tabbatarwa ke nan.

Sai dai a shekarun wahala ta yi aikinta. Taki ya gagari manomi, mai sai an yi dogon layi, jami'o'i a rufe wata da watanni saboda yajin aiki. Sau biyu yauƙin da ta tara a 'yan kwalabe yana lalacewa a firji don babu wuta. A karo na biyu ta kulle ɗakin gwajin, ta hau mota ta dawo gida.

A lokacin ne Baba Ɗanlami, ƙanin mahaifinmu, ya sayar da shanunsa na huɗa ya haƙa tafki uku a fadama ya zuba tarwaɗa, saboda gona ta daina ciyar da gidansa. Kifin ya fara girma sai gyambo ya ɓulla masa, kullum da safe a kwashe matattu. Wani mai sayar da maganin kaji ya ce ya riƙa zazzaga kafso a ruwan. Ya zazzaga, mutuwa ba ta tsaya ba.

Yaya ta je ta zauna a bakin tafkin wuni guda tana kallo. Ta ga yadda ake kamo kifin da busasshen buhu don a ware manya da ƙanana, a jibge su a ƙasa, a mayar da su ruwa fata a goge.

"Baba, kuna tuɓe musu riga ne, sannan ku tura su cikin cuta," in ji ta.

"Ke 'yar nan, wannan ƙazantar ce riga? Dukiyata ke nan duka a cikin ruwan nan."

"To ka ba ni tafki ɗaya. In sun ƙare, ka faɗa wa duk gari cewa karatuna banza ne."

Ya ba ta wanda ya fi lalacewa. Ta hana buhu, ta sa a riƙa kama su da jiƙaƙƙen hannu da raga mai laushi, ta rage cunkoso, ta sa a yawaita sauya ruwa, ta dakatar da kafso. A makon farko sun ci gaba da mutuwa, mata a rijiya suna ta magana a kanta. Ni kaina na ce mata ta janye. Ba ta ko kalle ni ba. Cikin mako na uku gyambon ya fara rufewa. Ba duka suka tsira ba, amma abin da ya tsira ya riƙe gidan Baba har kaka. Shi da kansa ya tako zauren gidanmu ya ce, "Likita, ki zo ki duba sauran biyun." Tun daga ranar bai sake kiran ta da sunanta ba, sai Likita.

Yau tafkunan kifi sun cika hanyar Gezawa da bayan gidajen Kano. Na ji masana sun tabbatar cewa lallai kifi yana da garkuwa ta musamman a fata da hanji, ta hanyar amfani da na'urorin da ita ba ta taɓa ko gani ba. Na san da tana raye da ta yi murna, ba ta da kishin a riga ta. Amma da ta ga yadda har yanzu wasu ke antaya magani a ruwa ba tare da sanin ciwon ba, da ranta ya ɓaci, kuma da ba ta yi shiru ba.

Ba ta bar littafin da aka buga da sunanta ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Na daɗe ina jin zafin haka. Sai bara wata ɗalibarta, wadda yanzu ita ma take koyarwa, ta nemi ƙauyenmu, ta roƙi tsofaffin littattafan da Yaya ke rubuta gwaje-gwajenta a ciki. Na ɗauko su daga akwati na ba ta, guda bakwai. Bayan wata biyu ta kira ni, ta ce a shafin ƙarshe akwai tambayar da Yaya ta rubuta ba ta kai ga amsawa ba, kuma ta ba ɗalibanta biyu su yi aiki a kanta.

Na yi mata godiya, na ajiye waya, na je na faɗa wa Baba Ɗanlami, wanda yanzu ido ya tafi. Ya ce, "Ashe Likita ba ta gama koyarwa ba."

Allah Ya jiƙan Yaya Rakiya, Ya haskaka kabarinta.