Iya da Damben Japanawa

A Asabar ta ƙarshe a watan Maris na 2020, kwana goma da kafa dokar kulle a Malesiya, ana tsuga ruwan la'asar kamar da bakin ƙwarya, ni da ƙanwata Ilham muna kwance rub da ciki a falonmu na hawa na goma sha bakwai a Bukit Jalil. Abba ya gaji da rigimarmu, ya jona kwamfutarsa da talabijin, ya kunna mana wani dogon fim ɗin katun na Japan, na 'yan faɗa, wanda aka ciro daga shirin da muka saba kallo da muryoyin Malay. Labarin wani siririn saurayi ne mai jan ƙyalle a damtse, ya ƙetare teku zuwa wani tsibiri don ya ceto tsohon malaminsa daga hannun wani ƙato mai sanƙo. An zo daidai karonsu na farko sai ga kakarmu Iya ta fito daga ɗaki da farantin shinkafar da ko taɓawa ba ta yi ba, za ta mayar kicin. Ta ja ta tsaya a bayanmu. Ƙaton ya kai wa saurayin naushi guda, ya yi sama, ya dawo ya durƙusa da gwiwa da hannu. Iya ta ce, "To, shi ke nan, an yi kisa. Ku tashi, wasa ya ƙare." Ta ajiye farantin ta koma ɗaki. Umma ta leƙo daga kicin baki buɗe, domin kwana uku ke nan ba wanda ya ji muryar Iya in ban da lokacin salla.

Iya mahaifiyar Umma ce. Ta zo daga ƙauyensu na ƙasar Kano a watan Fabrairu saboda haihuwar autanmu Sadik, ta ce ba ta yarda 'yarta ta yi jego a ƙasar da ba a san darajar ruwan zafi ba. Abba yana karatun digirinsa na uku, ɗakuna biyu gare mu, don haka aka ba ta namu, ni da Ilham muka koma shimfiɗa a falo. Makonnin farko Iya ta juya gidan yadda take so. Ta sa Abba ya yi ta yawo har ya samo ganyen darbejiya a shagon wasu Indiyawa a Sri Petaling. Babu murhu babu tukunyar wanka, sai butar lantarki guda, kuma ni aka ɗora wa aikin. In cika, in kunna, in jira ta tafasa, in juye a bokiti, in sake cikawa, safe da yamma, har na haddace ƙarar da take yi kafin ta kashe kanta. Iya tana dama kunun kanwa tana mita cewa geron nan ba gero ba ne. Ni take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika, kuma nan gizo yake saƙar, don maigidan ba ya iya magana da matarsa. Ina da shekara uku aka kawo ni, na tashi da Turanci da Malay a baki. Ina jin Hausa tsaf, amma in zan mayar sai harshena ya yi nauyi, in ce "boleh", wato "to" da Malay, ko "okay, Iya" in sulale. Takan bi ni da kallo ta ce, "Wannan wane irin miji aka ba ni, ga baki har kunne ba magana?"

Da aka rufe gari aka soke jirginta, sai duk wannan ya tsaya cak. Ta bar awakinta a hannun maƙwabta, damina tana ƙaratowa, ga ta a sama kamar tsuntsuwa a keji, ba ƙasar da za ta taka, ba tsarar da za ta gaisa da ita. Abba kaɗai ke da izinin fita cefane, ya dawo da takunkumi a fuska, Umma ta tare shi a ƙofa da sabulu. Iya ta daina mita, ta daina tsokanata, sannan ta daina cin abinci. Cokali biyu ta ture. Zaninta ya fara yi mata yawa. Na taɓa jin Umma tana kuka a banɗaki, Abba yana cewa in aka kai Iya asibiti a wannan yanayi ba wanda za a bari ya zauna da ita, kuma ba ta jin yaren kowa. A ranar na gane abin ba wasa ba ne, na ji tsoro ƙwarai.

Umma ce ta fassara mana maganar Iya ta ranar Asabar. Ashe gidan mahauta Iya ta fito. Mahaifinta ɗan dambe ne, yayanta kuma makaɗin kalangu. Tana yarinya, bayan girbi, ita ke ɗaukar tallan gyaɗa zuwa dandali, ta manta da tiren ta kutsa gaba tana kallo. A dambe kuwa doka ɗaya ce babba, duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, wato an ci shi, sai ya tattara ya ba wasu wuri. Washegari Abba ya sake kunna fim ɗin da gangan, ya ƙara sauti. Ba a jima ba sai ga Iya. Umma ta yi wuf ta miƙa mata faranti, Iya ta zauna a gefen kujera, ido a kan allo, hannu yana kai loma baki ita ba ta ma sani ba. Muka riƙe numfashi. Minti ashirin daidai saurayin nan ya sha naushi ya durƙusa, Iya ta ture farantin da rabin abinci, ta ce an yi kisa, ta shige.

Haka muka yi kwana huɗu. Lissafin a fili yake ko ga ɗan shekara goma sha biyu: muddin tana kallo tana ci, kuma fim ɗin ya fi awa ɗaya da rabi, mu kuwa minti ashirin kawai muke samu. Ilham ta kawo dabara, ta ce a tsallake wurin faɗuwar. Na riƙe rimot a ƙarƙashin filo, da lokacin ya zo na danna, hoton ya yi tsalle. Iya ta ƙura ido ta ce, "Ƙurar da ke gwiwar wandonsa daga ina ta zo?" Ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce ba ta taɓa sanin ɗan maguɗi aka aura mata ba. Ranar ko rabin ba ta ci ba.

Abba ya yi ƙoƙarin yi mata bayani irin na malaman jami'a, ta saurare shi don kunyar suruki, ta ce to, ba ta sake fitowa da wuri ba. Umma ta ce da ni ba wanda Iya za ta tsaya musu da shi sai ni, don suruki ba a ja da shi, ita kuma 'yar fari ce, ba a sakar mata fuska. Sai na shiga shiri kamar mai jarrabawa. Ina jiran buta ta tafasa ina tambayar Umma yadda ake cewa kaza da kaza, ina rubutawa a bayan littafin lissafi. Malamarmu tana koyarwa ta kwamfuta, ni na rufe kyamara ina maimaita "ba a gama ba tukuna" har Ilham ta fara kwaikwayona. Kwana uku na yi ina haɗa jawabin da bai fi layi shida ba.

Ranar da na shirya, saurayin ya faɗi, Iya ta yunƙura, ni kuma na miƙe na tare ƙofar ɗaki. Duk abin da na haddace ya gudu. Abin da ya fito shi ne, "Iya, a'a lah! Wannan ba dambe na ku ba. A Japan mutum faɗi, mutum tashi. Malam nasa yana ciki kurkuku, in shi tafi gida, wa zai ɗauko tsoho? Ke zauna, ke ci shinkafa, ke gani!" Iya ta dube ni, kafaɗunta suka fara rawa, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki, har Sadik ya farka. Ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Ashe maigidan yana da baki! To zo nan, gaya mini, a wane gari aka taɓa kashe mutum ya tashi ya ce a sake?" Ta koma ta zauna don ta ƙure ni. Na zauna kusa da ita ina kare saurayina da guntuwar Hausata, tana gyara mini tana rusa hujjata, Umma tana ƙara mata miya ta bayan fage. Aka kashe saurayin sau biyar a lissafin Iya kafin ya yi wata kururuwa, haske ya kewaye shi, ya kai ƙaton ƙasa. Da rubutun ƙarshe ya fara hawa, farantinta fes, har ta sa yatsa ta lashe.

Hukuncinta dai bai canza ba. Ta ce ƙaton ne ya ci wasa tun a turmin farko, zalunci aka yi masa don ba shi da kyau. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne yadda za a tara manyan 'yan wasa haka babu makaɗi ko ɗaya, kowa sai ya buɗe baki ya yi wa kansa ihu. Daga ranar ta ɗauki bokitin wankan jego ta kifa a cinya, in an fara karo ta riƙa kaɗa shi tana yi wa ƙaton kirari: "Sanƙo mai hana ƙuda sauka, na gaban jirgi, taka su ka wuce!" Ni da Ilham muna ɓangaren mai jan ƙyalle muna tsalle a kan katifa. Da muka gama da fim ɗin muka koma kan shirin tun daga farkonsa, ni ne tafinta, in karanta Turancin da ke ƙasan allo in juya mata. In na rasa kalma in kwatanta da hannu, ita kuma ta jefo mini ita da tsiya a kai. Da yamma ta naɗe mana hannun dama da tawul da igiyar shanya, ta fitar da mu barandar gaban lif, ta koya mana yadda ake miƙa hagu a tare, a ɓoye dama a baya. Ilham ta kashe ni sau biyu, Iya ta ce kunyar duniya ta ishe ta da wannan aure. Wata tsohuwa Basiniya da ke ƙofar kusa da mu ta riƙa buɗe ƙofa tana kallo daga nesa da takunkuminta, har ta fara ajiye wa Iya lemo a bakin ƙofa. Kafin azumi ya raba, zanin Iya ya koma zama daidai, mitar gero ma ta dawo.

Sai bayan babbar salla aka samu jirgi. A filin jirgi ba a bari mun shiga ba, daga bakin mota muka yi sallama, ta ce in ci gaba da motsa bakin kada ya sake daskarewa. Shekara biyu bayan haka Abba ya gama muka dawo gida gaba ɗaya, na same ta a tsakar gidanta cikin awaki, muka ɗora musu daga inda muka tsaya.

Yanzu ina jami'a a Kano, irin waɗannan finafinai suna cikin wayar kowa, abokaina suna kallo kowa da abin kunnensa, ba mai ce wa wani uffan. Nakan kunna wani lokaci, in ga an gyara zane, an ƙara launi, amma ba na kaiwa ƙarshe. Ba faɗan nake nema ba, abokiyar musun nake nema. Iya ta rasu bara da damina, ba ta taɓa yarda cewa saurayin ya ci wasan ba, ni ma ban sauka daga kan bakana ba. Mutane suna cewa Hausata ta tsofaffi ce, ba ta yi kama da ta wanda ya tashi a waje ba, nakan yi murmushi kawai. Da harshen da ta sa mini a baki nake kewarta.