Ranar da Hajiya Memuna ta zauna a layin gaba

"Hajiya, kowa ya iso ranar wasa, amma tukunyarki ba ta iso ba. Lafiya?"

Ciyaman ɗinmu ne ya yi wannan tambaya jiya, a zaman bitar wasan Sallah na layinmu a unguwar Maamobi. Shekara tara Hajiya Memuna ce ke dafa mana shinkafa da wake, kyauta. Bana kuwa sai ga ta ta ci ado, ta zauna layin gaba cikin rumfa. Baƙinmu daga unguwannin Nima da Kawukudi suka ƙare da burodi da ruwan leda.

Ta gyara mayafi ta ce, "Wa ya zo ya gaya mini?"

Na ce, "Mama, ai na rubuta a guruf ɗinmu na waya, har kin sa alamar yatsa."

"Na sa. Amma da, dattawa biyu ake turo mini da goro, su zauna, su tambayi lafiyar ƙafata. Wayarka ta kawo goro?"

Kowa ya juyo yana kallona yana dariya, don ni na kawo shawarar a daina yawon goro, wai ɓata lokaci ne.

Sai ta yi murmushi. "Ban yi fushi ba, ɗana. Ashe har rawa ake yi a wasan nan? Shekara tara ina bayan hayaƙi, bana na fara gani."

Nan dariya ta tsaya.

Baɗi ni zan kai goro, ni kuma zan hura wuta. Ku a unguwarku, wa kuka manta a bayan tukunya?