Rariyar da Na Toshe

Jiya maƙwabciyata ta aiko mini da ɗanyar kuɓewa. Ina cikin yankawa yauƙinta ya kama mini yatsu, sai na ajiye wuƙar. Akwai abin da na aikata a garinmu Cadakori ina 'yar shekara goma sha ɗaya, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku yau.

Kakata ta wajen uba tana da lambu a bayan ɗakinta, ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma shida ba. Kuɓewa ta fi yawa, sai yakuwa da rama da barkono, ga kabewa tana bin katanga. Da hadari ya taso daga gabas za ka ga tsohuwar nan ta ci ɗamara, tana kafa wa kuɓewa kara don kada iska ta kwantar da ita, tana tara ƙasa a gindin barkono. In ruwa ya ɗauke kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tayar da waɗanda suka faɗi, tana yi musu faɗa kamar jikokinta.

Asirin lambun yana gindin katangar da ta raba mu da maƙwabta. Akwai rariya a wurin, wato 'yar kafar da ruwan gidansu ke bi ya shigo namu, ya ratsa lambu ya fice ta baya. Maƙwabtan Fulani ne da suka zauna gari, turken shanunsu a tsakar gida, don haka ruwan baƙi ƙirin yake zuwa, ɗauke da taki. Kaka ta yi masa ƙananan hanyoyi har gindin kowace shuka. Shi ya sa kowace damina tsinkar kuɓewar farko ta tsohuwar gidansu ce, aminiyar kaka, wadda muke ce wa Inna.

Sai aka shigo shekarun jam'iyyu. Babana ya bi wata, ɗan Inna ya bi wata, suka yi cacar baki ranar kasuwa, gaisuwa ta mutu tsakaninsu. Ni kuwa da rawar kaina na ɗauki abin da zafi fiye da masu shi. Ko a lakol, wato makaranta, gida biyu muka rabu. Da za ka tambaye ni abin da jam'iyyarmu take nema ban sani ba, amma waƙoƙinta duk suna bakina. Wata rana na ji Baba yana ce wa ƙanensa, "Har ƙazantar gidansu ta kanmu take bi." Maganar fushi ce, na tabbata kafin ya tashi daga tabarmar ya manta da ita. Ni ce na riƙe.

Ranar da kaka ta tafi barka ƙauye na kwaɓa laka, na cusa tsohon ɗankwalina a rariyar, na danna fasasshiyar tukunya, na shafe, na jawo ganyen kabewa na rufe. Na wanke hannu ina ji kamar na ci zaɓe.

Bayan kwana biyu, da azahar, gari ya yi baƙi. Iska ta fara, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kaka ta leƙa lambu ta ga hanyoyinta babu baƙin ruwa, ta ce, "Yau kuma lafiya?" Daga can muna jin kukan maruƙa da muryar mata suna kwasar kaya. Ruwan ya rasa mafita ya taru a gidansu, ya jiƙa gindin katanga. Kafin la'asar muka ji rugum. Katanga ta kwanta a kan lambu, ruwa ya biyo bayanta.

Maza suka taru. Baba ya ce sakacinsu ne, ba su share rariya ba, watakila ma da gangan. Ɗan Inna ya yi ta rantsuwa, babu mai saurarensa. Ina tsaye a wurin da bakina, ban buɗe shi ba.

Washegari kaka na tonon laka da hauya ta ciro ɗankwalin. Ta dube shi, ta dube ni. Ta je ta wanke shi tas ta shanya a igiya, inda ba ni da hanyar wucewa sai ta gabansa. Sannan ta tsinci abin da ya tsira na kuɓewa, bai kai rabin ƙwarya ba, ta miƙo mini.

"Amshi, kai ma Inna. Ki ce mata ita ce ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe bana."

Na tarar da Inna zaune a kan turmi, geronta da ya jiƙe baje a rana, ɗakinta na warin danshi. Ta karɓi ƙwaryar, ta kama hannuna.

"Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Manya duk sun haukace. Ku yara ku kaɗai kuka rage da farar zuciya."

Ta zubo mini nono a ƙoƙo. Maganar ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta tare da nonon.

Baba ya sake gina katanga ba tare da rariya ba, su kuma suka juya ruwansu waje. Kaka ta ci gaba da shuka, amma kuɓewar ba ta ƙara yin tsawon mutum ba. Kafin zaɓe na gaba Baba da ɗan Inna sun koma jam'iyya ɗaya, suna shan shayi tare a ƙofar gida.

Tsofaffin nan biyu sun daɗe da rasuwa. Yanzu gidajen unguwarmu na bulo ne, kowa ruwansa titi yake zuba, babu mai buƙatar wani. In lokacin zaɓe ya zo na ji yara suna rera waƙar da ba su san ma'anarta ba, nakan ja bakina a gaban nawa 'ya'yan. Da kaka dukana ta yi, da tun a ranar maganar ta ƙare. Albarkar da Inna ta sa mini kuwa ba tawa ba ce, kuma babu sauran wanda zan mayar wa.