Baba Zakka, Mai Tsinto Sabis a Kan Ɗorawa

Da ya idar da addu'ar safe, Baba Zakka kan ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan babur, ya biya ta tasha ya tambayi direbobi: "Yaya hanya?" In sun ce lafiya lau, sai ya miƙi hanyar Dogon Dawa ko Damari. In sun kau da kai, ya koma gida. Matarsa Ann ba ta iya ce masa a dawo lafiya. Tsayawa kawai take yi a ƙofa har ƙarar babur ta ɓace.

Aikinsa haɗa rawuta ne, ɗan akwatin nan da ake sa wa layin waya ya raba intanet a cikin gida. A birni jona wuta kawai ake yi. A ƙauyukanmu kuwa, inda ƙarfen sabis ya yi nisa, sai an hau bishiya an ɗaure eriya, an yi ta juya ta har ta tsinto sabis, sannan a ja waya zuwa ɗaki a haɗa da batir da sola.

Ba ya barin gida sai ya canza lambar sirrin da ta zo a gindin akwatin, kuma ba ya yarda a sa wa wai-fai sunan mai gida. "Duk wanda ya wuce da waya zai ga sunanka," in ji shi, "ba kowa ke wucewa da alheri ba." Kowa ya san abin da yake nufi. A wurin 'yan bindiga, mai sabis shi ne mai kai rahoto.

Malama Rebecca, malamar firamare a wani ƙauye da ke bakin daji, ita ta ba mu labarin wata rana a damina. Iska ta karkatar da eriyarta, ga shi da rawutarta ƙauyen ke aika saƙo ga maƙwabta in an ga motsi. Da hantsi Baba Zakka ya zo ya hau ɗorawar da ke bayan gidanta. Yana kaiwa sama ya hango su: babura a jere, kowanne da mutum uku, ana tura su a rafin da ya cika. Hanyar da suka nufa ta ratsa ƙauyen ta wuce zuwa ƙauyen gaba, inda kasuwa ke ci a ranar.

"Malama!" ya kira. "Ga su can a rafi. Ce wa kowa ya shiga masara, ke ki dawo gaban akwatin."

"Baba, sauko mana!"

"'Yan kasuwa ba su sani ba. Yi sauri!"

Ta kai gargaɗi ta dawo tana haki. Ya juya eriyar. "Wutar akwatin fa?"

"Ja ce!"

Ya ƙara juyawa. Ƙarar injin ta fara tasowa daga fadama.

"Har yanzu ja, Baba. Don Allah ka sauko!"

"Yanzu fa?"

"Ta yi kore!"

Ta aika saƙon murya ga Ladan, mai shago a kasuwar, wanda shi ma Baba Zakka ya haɗa masa rawuta. Ta fizge akwatin ta cusa a zane ta faɗa cikin masara. Shi kam sauka ta gagara, babura sun riga sun shigo.

A gindin ɗorawar akwai Nababa, tsohon da ƙafa ta hana gudu, yana zaune yana tufka igiya. Wani matashi da bindiga a kafaɗa ya tsaya a kansa ya kama wayar eriyar da ke reto.

"Tsoho, wayar mece ce wannan?"

"Ta rediyo ce, samari. Tun bara ta mutu."

Matashin ya ja wayar, eriya ta girgiza daf da fuskar Baba Zakka. Ya san in wayar ta ƙi zuwa, mutumin zai ɗaga kai. Cinnaku sun cika masa riga suna cizo, bai ko motsa kafaɗa ba. Da yatsu biyu ya lallaɓa ya kwance bakin wayar ya sake ta. Ta zubo ƙasa. Matashin ya naɗe ta ya rataya a babur. Suka ɓalle sola, suka kwashe awaki, suka yi gaba.

Da Baba Zakka ya sauko, ya zauna gefen Nababa. Tsohon ya miƙa masa butar ruwa.

Maharan sun tarar da kasuwa ba kowa, suka ƙone rumfuna. Amma sun tafi da mutum biyu da suka riska a hanya, waɗanda saƙo bai kai gare su ba. In an yabi Baba Zakka, waɗannan biyun yake ambata. Mako na zagayowa ya koma da sabuwar waya ya sake hawa.

Bana gwiwa ta ce ya isa haka, ya ajiye hawa. Baba Zakka, kai ne ka ji tsoro irin na kowa, amma ka gama aikin kafin ka nemi sauka. Kai ne ka shiga gidan Musulmi da na Kirista da jaka ɗaya. Mun gode. Allah Ya saka, Ya ƙara lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya kana raye ka gani.

Ku kuma matasanmu, ƙauyuka da yawa na jiran mai haɗa musu. Ku same shi a shagonsa da ke cikin Birnin Gwari ku koya. Abin da zai fara tambayar ku shi ne ko kuna jin tsoro. Ku faɗa masa gaskiya, don wanda ya ce a'a ba ya ɗaukarsa.