Abin Ɗaga Taraktar Yayana

Ina shiga lungunmu a Ƙofar Gayan na ga ƙaramar taraktar yayana a ɗage, shi kuma yana kwance ƙarƙashinta. Gabana ya faɗi. Bara a kan turmi ya ɗora ta, turmin ya tsage, ta faɗo masa, hannunsa ya karye.

"Yaya, fito don Allah!"

Ya fito yana dariya. "Matsoraci, girgiza ta mu gani."

Na girgiza iya ƙarfina, ko motsi ba ta yi ba! Ashe Malam Sabo mai walda ne ya ƙera masa abin ɗagawa na ƙarfe, har da sakatar kullewa.

Ya koma ƙarƙashi, ni nake miƙa masa sifana, bakina ya ƙi rufuwa.

Masu tarakta, da me kuke ɗaga taku?